Damin da Inna Ta Yi Alkawari

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan sallar asuba

Yau kwana goma sha shida da aka tafi da Mahbub. Na share ɗakin Mahbub, na kaɗe katifarsa, na mayar da takalmansa inda ya bar su. Maigidana Malam Jibirin ya ce in daina wahalar da kaina, ɗakin da ba mai shiga ba ya datti. Na ce masa gida ba ya zama da ƙazanta don ɗa ɗaya ba ya nan. Ya ɗauki hularsa ya tafi Kano, wani ofishin kuma. Ban tambaye shi wanne ba.

Zan je aji kamar kullum. Shekara goma sha tara ina koyar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu a nan Gwarzo, ban taɓa fashi don wani abin duniya ba. Darasin haƙuri ne yau. Na san za su riƙa kallona ta ƙasan ido. Ba zan yi kuka ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, da hantsi

Duk wadda ta shigo jaje da nata labarin. Wata ta ce mota biyu ce, wata ta ce uku. Abin da na sani shi ne yana cikin shagonsa na gyaran waya, aka kira sunansa, ya fito da sukundireba a hannu. Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Da mata za su riƙe bakinsu yadda suke riƙe jakarsu a kasuwa, da an zauna lafiya.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Ƙanena Mijinyawa ya zo daga ƙauyenmu na bayan Masanawa, da kabewa biyu ɗaure a bayan babur. A zaure ya tsaya kamar yadda ya saba. Ban taɓa hana shi shigowa ba. Ban kuma taɓa cewa ya shigo ba.

Bari in rubuta wannan sau ɗaya, tunda littafin nan ba mai karanta shi. Mahaifiyata, Inna Asibi, 'yar Katolika ce, haka Mijinyawa da iyalinsa. A cikinsu na tashi har na kai aji huɗu a sakandare, Allah ya nufe ni da Musulunci, na zaɓi sunan Badi'a da kaina. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Tsofaffin unguwa sun sani, sun yi shiru. Ɗalibaina sun san dai Malama daga wajen Kabo take.

Na gargaɗe shi kada ya gaya wa Inna. Ya gaya mata.

"Yaya, me zan ce mata? Kullum sai ta tambaya me ya hana mijinta zuwa." Haka take kiran Mahbub tun yana goye.

Ya ce ta je ɗan cocinsu ta yi alkawari. In yaron ya dawo da ƙafarsa, za ta kai damin farko na dawarta Kano, ta bi zagayen da suke yi a kan titi ƙarshen Nuwamba, wanda suke kira na Yesu Sarki, tun daga farko har ƙarshe, a ƙafa.

Na ce, "Mu muna da namu addu'o'in, ba mu roƙi kowa ba."

Ya ce, "Ita ma ba ta roƙe ki ba. Jikanta ne."

Rashin kunya har a gidan mijina. Na ba shi ruwa ya sha ya tafi.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da azahar

Kwana ashirin da ɗaya. Ban yi kuka ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Ya dawo. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ya dawo.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da safe

An aske masa kai. Agogonsa ba ya zama a hannunsa, sai ya zame har tsintsiya ya faɗi. Ba ya yarda a rufe ƙofar ɗaki, ba ya zama sai inda yake ganin hanyar shigowa. Malam ya ce sun ce ba shi suke nema ba. Shi ke nan abin da suka ce, bayan kwana ashirin da huɗu.

Na dama masa kunun gyaɗa ya sha rabin kofi. Na yi masa faɗa a kan barin sallar nafila, don in ji ko zai yi min musu kamar da. Ya ce, "To, Umma." Gara musun.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan magariba

Mijinyawa ya kira. Inna ta sa an yanke dawar gonar bayan gida, ta zaɓi zangarniya da hannunta, ta ɗaure dami, ta hana kowa taɓa shi. Ranar ashirin da uku ga wata ne zagayen.

Na ce to, Allah ya kai su lafiya.

Sannan ya ce akwai magana. Shi zai ɗauki damin, amma maza layinsu daban, mata daban. Matarsa tana jego, ko sati biyu ba ta yi ba. Inna kuwa yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma inuwa kawai yake gani, ga gwiwa. Dole wata ta riƙe ta har tafiyar ta ƙare.

Na ce ina matan zumuntar cocinsu, duk sun mutu ne?

Ya ce sun yi tayi, ta ƙi. Wai ba don 'ya'yansu ta yi alkawarin ba.

Na kashe wayar. Ba ladabi ba ne, na sani.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau ba makaranta, na je ƙauye. Na tarar da Inna a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa da lalube. Damin yana jingine a ɗakinta, an lulluɓe shi da tsohon zane kamar jariri.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi Malam, ta tambayi gajiya, ta tambayi mijinta.

"Yana cin abinci?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Ki sa masa man shanu. Ke kin cika faɗa, faɗa ba ya sa ƙiba."

Na shiga yi mata bayani a hankali. Na ce Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, tsohuwa mai ciwon gwiwa ba a kama ta da tafiyar awa biyu a kan kwalta. Ta aika da damin, ta zauna a gida. Na yi magana mai tsawo, mai kyau kuma, irin wadda in na yi a aji ba a jin ko tari.

Ta bari na gama. Ta ce, "Ke wannan, a wajenku in mutum ya ce wa Allah, yi min kaza in yi maka kaza, Allah ya yi nasa, shi sai ya aika ɗan aike?"

Na ce bakance sunansa, kuma cika shi wajibi ne, amma...

"To."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ba ta ce in raka ta ba. Da ta ce, da na sami abin yin musu. Da zan tafi ta cika min leda da gyaɗa, ta ce in na ga dama in gaya wa mijinta bashinta na gaisuwa ta yafe, kada ya fito sai ya ji ƙarfi.

A mota na yi ta jin haushinta har Gwarzo. Taurin kai ba addini ba ne.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, bayan an tashi daga aji

Na tsaya wajen Hajiya Uwaliya. Ita ce mai makarantar, mijinta marigayi ne ya gina ta, ita ke ɗauka ita ke sallama. Na ce wata ce ta yi min tambaya: mace Musulma, uwarta ba Musulma ba, makauniya, tana son a riƙe ta a wani taronsu na kan titi.

Ta ce, "Ta ciyar da ita, ta tufatar da ita, ta kai ta asibiti. Wannan duk an san shi."

Na ce hannu kawai za ta riƙe.

"Malama Badi'a, wa zai ga hannu? Layi za a gani, da ita a ciki. Ni dai macen da aka gani a wannan layi ba za ta zauna gaban matan mutane tana koya musu tsarki ba. Mazajensu ba za su bari ba, ni ma ba zan iya tare mata ba." Ta cire tabarau ta dube ni. "Wace ce?"

Na ce ba 'yar unguwar nan ba ce.

Ƙarya ke nan, a bakina, a cikin makaranta. Astagfirullah. Kuma ban ga laifin Hajiya ba. Da wata ce ta tambaye ni bara, da na faɗi abin da ya fi haka zafi.

Talata, 18 ga Nuwamba, da safe

Malam ya ce shi ba zai ce in je ba, ba zai ce kada in je ba. Ya ce, "Ba za ki durƙusa ba, ba za ki yi waƙa ba, ba za ki ce amin ba. Sanda za ki zama. Ban taɓa jin an tuhumi sanda da bin addinin makaho ba." Na ce wannan fatawar daga wane littafi? Ya yi dariya ya ce daga zaure.

Shi abin dariya ne a wurinsa. Ba shi ya yi shekara goma sha tara yana gina suna ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da azahar

Ba zan je ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ina tankaɗe a tsakar gida Mahbub ya fito ya tsaya a kaina. Ashe yana jin duk abin da ake cewa.

"Umma, wa zai riƙe Inna?"

Tun da ya dawo bai haɗa kalma huɗu a jere ba sai yau. Na ce wannan ba maganar yara ba ce.

Ya ce, "In ba za ki ba, ni zan je. Ko layin mata ne."

Mutumin da ko zaure bai leƙa ba. Shekaranjiya da ɗan bijilanti ya wuce ta ƙofar gida da kakinsa, sai a bayan randa na same shi. Shi ne zai shiga Kano, cikin dubban mutane da 'yan sanda a kowace kwana.

Na ce ya koma ɗaki. Na ce ni na haife shi, ba shi zai koya min haƙƙin uwa ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Na sami dabara. Na sayi niƙabi a kasuwa, na ce wa mai shagon saƙo ne. Ban taɓa sa shi ba, hijabi ya ishe ni, amma gobe ba wanda zai ga fuskata. In je in dawo, Inna ta sauke nauyinta, ajina yana nan. Ban gaya wa Malam ba, don kada ya sami abin dariya.

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan sallar asuba

Jiya ban iya riƙe biro ba. Bari in rubuta yadda abin ya faru, ba ragi.

Motar da mutanen ƙauye suka ɗauko ta tsaya min a Kabo. Matan duk cikin anko, fari da shuɗi, da tulun kiɗa a cinya. Suka gaishe ni da mutunci, aka matsa min kusa da Inna. Ta laluba ta kama gefen hijabina ta riƙe. Da muka wuce Rimin Gado na ɗaura niƙabin. Wata tsohuwa ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa. Da ma ta yi.

A Sabon Gari an tare titi da benci da igiya, samari masu gadi suna shafa wa kowa na'ura a jiki, 'yan sanda a gefe. Mijinyawa ya ɗora damin a kai ya bi layin maza. Ni kuma ga baƙin hijabi har ƙasa, ga niƙabi, ga jakar da na rataya a ƙarƙashin hijabin, da filas ɗin kunun Inna da maganinta a ciki, ta yi tudu a gefen cikina. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Ni tunanina ɗaya, kada wani ɗan Gwarzo ya gane ni.

Sai na ga mutane suna darewa. Wata mata ta fizgi 'ya'yanta biyu ta ruga. Wani ya yi ihu da Turanci. Kafin in ankara fili ya buɗe kewaye da mu kamar masussuka, daga ni sai Inna a tsakiya.

"Madam, tsaya! Kada ki motsa! Ɗaga hannu!"

Wani saurayi ne, da na'urar a hannunsa. Bai fi sa'an Mahbub ba. Na ga ɗan sanda ya gyara riƙon bindiga. Sai a lokacin na gane me suke gani. Waɗannan mutane sun taɓa binne nasu, ba yau suka fara jin tsoro ba. Na so in ɗaga hannun, Inna ta riƙe ɗaya gam.

Ta ce, "Me ya faru? Me ya sa muka tsaya?"

Na ce a hankali, "Inna, ni suke tsoro."

Ban san tsohuwar nan tana da sauran murya haka ba. Ta ɗaga kai ta fuskanci inda ba kowa, don ba ta ganin inda suke, ta ce, "Kai! Wane marar tarbiyya ne? 'Yata ce! Badi'a ce, 'yata ta fari! Ɗanta muka zo yi wa godiya!"

Ni ce 'yar fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kunya ba ta bari. Ban zaci in za ta karya wannan kunyar wata rana, da wannan sunan za ta karya ta ba. Akwai sunan da ita ta raɗa min, ta bar shi.

Na sa hannu na kwance niƙabin. Na ɗaga hijabin na fito da jakar, na buɗe filas, kunu ya yi tururi. Wayoyi sun fi ashirin a sama suna ɗauka. Na gan su sarai. Wata 'yar sanda ta zo ta laluba ni, ta ce in yi haƙuri. Saurayin ya ce, "Mama, sori." Na ce masa aikinsa ya yi, amma in ya sake cewa babbar mace madam da tsawa, bai sami tarbiyya ba. Na cusa niƙabin a jaka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Muka shiga layi.

Tafiyar ta fi yadda aka faɗa. Ga rana, ga kwalta, ga ganguna da ƙaho, waɗannan na waƙa da Ibo, waɗancan da Turanci, namu na ƙauye da Hausa suna buga tulu. Wasu waƙoƙin na san su. Bakina ban buɗe ba, amma ƙafata ta so ta tuna, na hana ta. Ina ta istigfari a zuci, ina ƙirga takun Inna. Wata yarinya a gabanmu tana taunar cingam tana danna waya, na taɓa ta na ce in ibada ta zo ta yi ibada, in yawo ta zo ta koma gida. Ta tofar.

Can gaba Fada, limaminsu, yana tafe a ƙarƙashin wata rumfar yadi da mutum huɗu ke riƙe da ita. In an kaɗa ƙararrawa, kowa sai ya zube a kan titi. Sau uku aka yi haka. Sau uku ina tsaye ni kaɗai, baƙa ƙirin a cikin dubban masu durƙuso, kamar tukunya a kan faifai. Ba wanda ya ce min ki durƙusa. Inna takan sauka a hankali tana bin hannuna, in an tashi in sa hannu a hammatarta in ɗago ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Yaushe ta zama haka ban sani ba?

A na ukun ta kasa miƙewa. Gwiwar ta ƙi. Wasu suka ce a kira mota, ta ce wanda ya sa ta a mota Allah ya isa. Na tsuguna na ce ta hau bayana.

"A ƙafa na ce."

"To ai da ƙafa za a je, Inna. Tawa ma ke kika yi ta."

Ta ƙi. Haka muka ƙarasa, taku ɗaya, hutu ɗaya, har masu ganga suka yi mana nisa, wata mata mai babban ɗaurin kai ta bi mu da lema. Mu ne na ƙarshe. A bakin ƙofar cocin na tsaya, Mijinyawa ya fito ya karɓe ta, ya kai ta ta ɗora hannu a kan damin inda aka ajiye shi. Ni na nemi masallacin 'yan kasuwa na yi azahar.

Da ta fito ta ce, "Na sauke." Ta sha kununta duka.

Ƙafar ta kumbura, ban bari an wuce da ita ƙauye ba. Tana nan a ɗakina tana barci. Mahbub yana zaune a bakin gadon tun ɗazu.

Na yi kuka a masallacin. Kaɗan.

Talata, 25 ga Nuwamba, da azahar

Hoton ya iso Gwarzo kafin mu. Hajiya ta aiko in huta tukuna.

Laraba, 26 ga Nuwamba, bayan la'asar

Hajiya Uwaliya ta zo da kanta. Ta tarar da Inna a tsakar gida a kan tabarma, ƙafa a cikin ruwan ɗumi, ɗan gicciyenta a wuya a fili. Ta tsaya turus.

"Baƙuwa kuka yi, Malama?"

Na ce, "Ba baƙuwa ba ce. Mahaifiyata ce, Inna Asibi. Ita ce matar da na tambaye ki a kanta, kuma na yi miki ƙarya ranar, ki yafe ni."

Hajiya 'yar mutunci ce, ba a yi mata tarbiyyar banza ba. Ta cire takalmi ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta tambayi jiki, ta tambayi mutanen gida. Sannan ta juyo ta ce min mazaje shida sun je mata, ba ta san yadda za ta yi ba, ajin dai an ba wata ta riƙe. Har yaushe, ba ta sani ba. Na ce na ji, ban kuma yi mamaki ba. Ban roƙe ta ba. Shekara goma sha tara ne, na ji su a ƙirjina kamar an ɗora min turmi, amma ban roƙe ta ba.

Inna tana saurare, kai a karkace. Da Hajiya ta miƙe za ta tafi, ta kira ta.

"'Yar nan, ke ce mai makarantar?"

"Ni ce, Inna."

"Saboda ni aka kore ta?"

Ni na amsa. Na ce, "Ba saboda ke ba ne, Inna. Da ƙafata na je."

Ta ce, "To in da sake, za ki je?"

Na ce in da sake, niƙabin ne kawai zan bari a gida.